Ciwon ƙafa: Abin da ke jawo shi, yadda ake magance shi da lokacin da ya wajaba a je asibiti

Ciwon ƙafa na cikin larurorin da jama'a suka fi rainawa, alhali yana iya hana ɗan kasuwa buɗe shago, ya hana ma'aikaci zuwa ofis. Ƙafar ɗan Adam ɗaya tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, da tsokoki da jijiyoyi sama da 100, kuma a kanta nauyin jiki yake sauka tun daga wayewar gari har zuwa kwanciya. Galibin ciwon yana faruwa ne idan aka samu rashin jituwa tsakanin abubuwa uku: ƙafar kanta, takalmin da aka sa mata, da aikin da aka ɗora mata.

Darasi daga 'yan wasan zamiyar ƙanƙara

Ba a samun dusar ƙanƙara a Jihar Kebbi, amma masu wasan zamiya a kanta a ƙasashe irin su Faransa da Siwizalan da Norwe suna cikin waɗanda suka fi sanin illar takalmi ga ƙafa. Wasan ba baƙo ba ne ga Najeriya gaba ɗaya, domin Samuel Ikpefan ya wakilci ƙasar a fagen zamiyar dogon zango a gasar Olamfik ta lokacin hunturu da aka yi a birnin Beijing na ƙasar Sin a shekarar 2022.

Masu gangarowa daga kan tsauni suna sa takalmin roba mai tauri, wanda ake ɗaure shi da maɗaurai har zuwa ƙwauri. Idan aka tsananta ɗaurin bayan ƙafa, sai ya danne hanyoyin jini da jijiyoyin da ke kai saƙo zuwa yatsu, yatsun su yi sanyi su daina ji. Idan kuma takalmin ya yi yawa, dunduniya takan riƙa ɗagawa a ciki, yatsu su ƙanƙame don riƙe takalmin, har tafin ƙafa ya ɗaure. Safa mai kauri, wadda sabon shiga yake zaton za ta ɗumama shi, ƙara matsewa take yi.

Maganin da suka dogara da shi mai sauƙi ne: a auna ƙafa kafin a zaɓi takalmi, a sa safa ɗaya marar kauri kuma busasshiya, a sa shimfiɗar ciki mai tallafe tafin ƙafa, sannan a sassauta maɗaurai a duk lokacin hutu. Waɗannan ƙa'idoji suna aiki a Babbar Kasuwar Birnin Kebbi kamar yadda suke aiki a kan tsaunukan Turai.

Nau'o'in ciwon da aka fi samu

Ciwon dunduniya. Akwai wata jijiya mai faɗi da ta taso daga dunduniya zuwa gindin yatsu, ita ce ke riƙe da lanƙwasar tafin ƙafa. Yawan tsayuwa a kan siminti, ƙiba, da sa silifas marar kauri suna gajiyar da ita. Alamarta ita ce zafi mai suka a takun farko da asuba, ko bayan dogon zama, wanda yakan lafa idan aka ɗan yi tafiya, ya dawo da yamma. Masu shaguna da malaman makaranta da ma'aikatan jinya sun fi fama da shi.

Ciwon gindin yatsu. Takalmi sau-ciki mai tsukakken baki, da takalmin mata mai tsini, suna tattara nauyi a gaban ƙafa. Wani lokaci jijiyar da ke tsakanin yatsa na uku da na huɗu takan kumbura, mutum ya riƙa jin kamar ya taka tsakuwa, ko ya ji raɗaɗi kamar na wuta.

Faso da kaushi. A lokacin hunturu fatar dunduniya takan bushe ta tsage, musamman ga mai yawo da takalmi buɗaɗɗe. Faso mai zurfi ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta.

Targaɗe da tsagewar ƙashi. Targaɗe yakan faru idan idon sawu ya gurɗe. Tsagewar ƙashi kuwa tana iya zuwa ba tare da faɗuwa ba, idan wanda bai saba ba ya tsunduma cikin gudu ko doguwar tafiya farat ɗaya.

Ciwon babban yatsa. Idan gaɓar babban yatsa ta kumbura cikin dare, ta yi ja da zafi har ba a iya taɓa ta, likitoci sukan yi zargin cutar gawut, wadda taruwar wani sinadari a jini ke jawowa. Gwajin asibiti ne ke tabbatar da ita.

Ƙafa a cikin ruwa da laka

A kwarin Rima akwai wani nau'in da mazauna birni ba su cika lura da shi ba. Manoman shinkafa a fadama da masunta suna shafe sa'o'i ƙafafunsu cikin ruwa. Haka ma a Bikin Kamun Kifi na Argungu, wanda aka faro a shekarar 1934, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gargajiya na duniya a 2016, dubban masunta ne ke rugawa cikin kogin Matan Fada da homa da gora, akasarinsu ba takalmi.

Daɗewa cikin ruwa yana tausasa fata, ta yi fari ta yamutse, tsakanin yatsu ya tsattsage ya riƙa ƙaiƙayi. Idan ruwan mai sanyi ne kuma aka daɗe ƙwarai, jijiyoyi da hanyoyin jini kan lalace, irin larurar da ta addabi sojojin da suka zauna cikin ramuka masu ruwa a Yaƙin Duniya na Farko, tsakanin 1914 da 1918. Ga kuma yankan kwalba ko ƙarfe ko ƙayar kifi da ke ɓoye cikin laka. Wanda ya fito daga ruwa ya wanke ƙafa da sabulu da ruwa mai tsabta, ya tsane tsakanin yatsu, ya duba ko akwai rauni. Idan akwai huda ko yanka mai zurfi, a je a wanke shi a asibiti, a kuma tambayi allurar tetanus.

Abin da za a iya yi a gida

Na farko, a rage aikin da ya jawo ciwon na 'yan kwanaki, a riƙa ɗaga ƙafa a kan matashi. Mai tsayuwa a shago ya ajiye kujera kusa, ya shimfiɗa tabarma mai kauri ko kwali a inda yake tsayawa.

Na biyu, a naɗe ƙanƙara cikin tsumma a ɗora a wurin na minti 15 zuwa 20. Kada a ɗora ta kai tsaye a kan fata.

Na uku, a riƙa miƙar da agara da tafin ƙafa. Kafin a sauko daga gado, a kama yatsu a jawo su zuwa ƙwauri na kimanin daƙiƙa 30, a maimaita sau uku. Mirgina kwalbar ruwa a ƙarƙashin tafin ƙafa ma yana taimakawa.

Na huɗu, a sayi takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. A gwada ƙafafun biyu a tsaye, a bar tazarar kimanin faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmin. Takalmin da ya matse a shago ba a saye shi da fatan zai buɗe.

Na biyar, a yi hattara da magani. Farasitamol yakan wadatar ga ciwo marar tsanani. Magunguna irin su ibuprofen da diclofenac suna iya cutar da mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai hawan jini da mace mai juna biyu, don haka kada a sha su sai da shawarar likita ko ƙwararren mai harhaɗa magunguna.

Lokacin da ya wajaba a je asibiti

A garzaya asibiti idan mutum ya kasa taka ƙafar ko da taku huɗu bayan rauni, ko siffarta ta sauya. Haka nan idan ta yi ja da zafi tare da zazzaɓi ko mugunya, ko yatsa ya yi baƙi, ko ƙafar ta yi sanyi ta ɗashe. Kumburin ƙafa ɗaya mai ciwo a sha-raɓa, musamman bayan doguwar tafiyar mota ko jirgi, na iya zama daskarewar jini a jijiya, kuma wannan na iya kisa. Ciwon da ya wuce mako biyu bai sassauta ba shi ma yana buƙatar likita. Duk wanda ake zargin ya karye, a fara ɗaukar hoton ƙashi kafin a yi maganar ɗori.

Masu ciwon suga su ne suka fi kowa shiga haɗari. Cutar tana kashe jin ƙafa sannu a hankali, har ƙusa ta soki mutum bai sani ba, kuma ƙaramin rauni kan zama gyambon da ke kai ga yanke ƙafa. Mai wannan lalura ya duba ƙafafunsa kullum, har da ƙarƙashinsu, ya kakkaɓe takalmi kafin ya sa, kada ya yi tafiya ba takalmi ko a tsakar gida, kada ya yanke ƙanta da reza, kada kuma ya gasa ƙafa da ruwan zafi ko garwashi. Duk raunin da ya gani, komai ƙanƙantarsa, ya kai wa likita ba tare da jinkiri ba.

A Birnin Kebbi ana iya zuwa Asibitin Sir Yahaya ko Asibitin Tarayya, a Argungu kuma akwai Babban Asibitin garin. Yana da kyau majinyaci ya tafi da takalmin da ya fi sawa, domin inda ya cinye a ƙasansa yakan nuna wa likita yadda mai shi ke taka ƙasa.