Inshora da diyyar fasinja: Abin da doka ta tanada idan motar haya ta yi hatsari tsakanin Bagudo da Benin

Ƙaramar Hukumar Bagudo da ke Jihar Kebbi na daga cikin yankunan Najeriya da suka yi iyaka da Jamhuriyar Benin. Daga garuruwa irin su Illo da Lolo da Tsamiya da Kaoje, 'yan kasuwa da manoma da masu fataucin dabbobi kan ƙetara zuwa Segbana da Malanville da Kandi a lardin Alibori, su kuma mutanen can su shigo cin kasuwannin wannan ɓangare. Akasarin zirga-zirgar a motocin haya ake yin ta, inda fasinjoji ke haɗuwa kowa ya biya kuɗin kujerarsa, ko kuma a bayan 'yan kabu-kabu.

Idan hatsari ya auku a irin wannan tafiya, wanda ya ji rauni ko iyalan mamaci kan tsaya ne a kan jaje da ɗan abin da direba ko mai mota ya miƙa. Alhali dokokin ƙasashen biyu sun tanadi diyya ta hannun kamfanonin inshora. Samun wannan haƙƙi ya rataya ne a kan abubuwa uku: irin inshorar da ke kan motar, sahihancin takardarta, da kuma ƙasar da hatsarin ya faru a cikinta.

Inshorar dole a Najeriya

Tun zamanin mulkin mallaka, wata doka ta 1945 ta wajabta wa duk mai abin hawa ya mallaki inshorar da ake kira ta mutum na uku. Mai mota shi ne na ɗaya, kamfanin inshora na biyu, na uku kuwa shi ne duk wanda motar ta yi wa ɓarna a jikinsa ko a dukiyarsa. Wannan inshora ba ta gyara motar mai ita, kuma ba ta biyan direban da ya jawo hatsarin. Aikinta shi ne ɗauke wa mai mota nauyin diyyar da doka ta ɗora masa.

Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ita ce ke ƙayyade farashi. Daga ranar 1 ga Janairun 2023 ta ɗaga kuɗin inshorar motar gida daga N5,000 zuwa N15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiya daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Babur na biyan N3,000 da iyakar miliyan 1, Keke Napep N5,000 da iyakar miliyan 2, manyan motocin dakon kaya kuwa N100,000 da iyakar miliyan 5.

Waɗannan alƙaluma na asarar dukiya ne, kamar motar wani ko shago ko kayan sayarwa. Rauni a jiki da rasa rai ba su shiga cikin wannan iyaka ba. Ana auna diyyarsu ne da girman cutarwar: kuɗin magani, asarar abin da mutum ke samu a lokacin jinya, nakasa ta dindindin, da kuma halin da iyalan mamaci suka shiga bayan rasa mai ciyar da su.

Rundunar 'Yan Sandan Najeriya ta fara tsananta binciken wannan takarda a faɗin ƙasa daga ranar 1 ga Fabrairun 2025. A watan Agustan shekarar kuma Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta haɗe tsofaffin dokokin wuri guda, ciki har da ta 2003, tare da barin inshorar abin hawa a matsayin wajibi.

Motar gida da ke yin haya

A nan ne fasinjoji da yawa ke rasa haƙƙinsu ba tare da sun sani ba. Kowace takardar inshora na bayyana amfanin da aka amince a yi da motar. Inshorar motar gida ta ƙunshi harkokin mai ita da iyalinsa, kuma yawanci takan fito fili ta cire ɗaukar fasinja don kuɗi. Motar haya kuwa tana da nata rukunin, kuma tun a dokar 1945 an sanya fasinjan da ya biya kuɗin mota cikin waɗanda dole inshorar ta kare.

Saboda haka idan ma'aikacin gwamnati ya taso daga Birnin Kebbi zuwa Bagudo a motarsa, ya tsaya bakin hanya ya ɗebi mutum huɗu don ya rage kuɗin mai, ya fita daga sharaɗin takardarsa. In tsautsayi ya gitta, kamfanin na da hujjar da zai kafa ya ƙi biya, sai dai masu rauni su bi mai motar da kansa, wanda wataƙila albashinsa bai isa kuɗin aikin ƙashi guda ba.

Wannan matsala ita ce ta taso a manyan birane da zuwan manhajojin kiran mota. Uber ta fara aiki a Legas a 2014, Bolt ta biyo baya a 2016 da sunan Taxify, a Kwatano kuma akwai Gozem. Da yawa daga motocin da ke aiki da manhajojin na gida ne da aka mayar na haya, kamfanonin kuma na ɗaukar direbobin a matsayin masu zaman kansu, ba ma'aikatansu ba. Inda kamfani ya yi wa fasinja ƙarin inshora, tana aiki ne a kan tafiyar da aka yi rajistarta a manhajar. Fasinjan da ya yarda direba ya kashe manhaja su daidaita a baki ya fitar da kansa daga wannan kariya. Hukuncinsa ɗaya da wanda ya bar tasha ya hau motar bakin hanya a Kaoje: babu wata rubutacciyar shaida da ke nuna yana cikin motar.

Alama ta farko da fasinja zai duba ita ce lambar mota. A Najeriya rubutun lambar motar haya ja ne, na motar gida shuɗi, na gwamnati kore. Ta biyu ita ce takardar sunayen fasinjoji da ake cikewa a tashoshin ƙungiyar direbobi ta NURTW. Rubuta cikakken suna da lambar wayar ɗan uwa a cikinta na iya zama hujja mafi ƙarfi a ranar neman diyya.

Takardun bogi

Shekaru da dama ana sayar wa masu motoci takardun inshora na jabu a gefen ofisoshin sabunta takardu, waɗanda ba su da amfanin da ya wuce nuna wa jami'i a shingen bincike. Domin daƙile haka, Ƙungiyar Kamfanonin Inshora ta Najeriya ta samar da rumbun bayanai na NIID. Ana iya danna *565*11# a waya, a shigar da lambar mota, a ga ko tana da inshora mai rai. Motar da ba ta cikin rumbun, takardarta abar tuhuma ce komai kyan hatiminta.

Bayan an ƙetare iyaka

Inshorar ƙasa ɗaya ba ta bin mota zuwa wata ƙasa sai da yarjejeniya. Wannan ne ya sa ƙasashen ECOWAS suka ƙulla tsarin katin inshora mai ruwan ƙasa, wanda a Najeriya ake kira Brown Card, a Benin kuma Carte Brune. A birnin Kwatano aka sa hannu a kan yarjejeniyar ranar 29 ga Mayun 1982, sakatariyar tsarin kuma tana Lome. Kowace ƙasa na da ofishinta na ƙasa. Idan motar Najeriya ta yi ɓarna a Segbana, ofishin Benin ne ke karɓar koken, ya bi shi, sannan a warware lissafi tsakaninsa da ɓangaren Najeriya. Haka abin yake idan motar Benin ce ta yi ɓarna a Lolo.

Sanarwar NAICOM ta farashin 2023 ta haɗa kuɗin katin a cikin kuɗin inshorar. Duk da haka, wajibi ne direban da ke ƙetarawa ya karɓi katin a hannunsa, ya kuma tabbatar wa'adinsa bai ƙare ba. Muhimmin abin lura shi ne, diyya na bin dokar ƙasar da hatsarin ya auku ne, ba ƙasar da motar ta fito ba.

Bambancin dokar Benin

Benin na cikin ƙasashen da ke bin kundin inshora na bai-ɗaya na CIMA, wanda yarjejeniyar Yaounde ta 1992 ta haifar, ya kuma fara aiki a 1995. Nijar ma a ƙarƙashinsa take. Tsarin ya sha bamban da na Najeriya ta fuskoki masu muhimmanci.

A Najeriya, mai neman diyya na buƙatar ya nuna cewa sakacin direba ne ya jawo hatsarin, kamar gudun wuce sa'a ko lodin da ya wuce kima ko tuƙi da lalataccen birki. A ƙarƙashin kundin CIMA kuwa, wanda ya ji rauni, matuƙar ba direba ba ne, ana biyansa ba tare da an kafa masa hujja da kuskurensa ba, sai dai in da gangan ya jefa kansa. Ko da an gano direban ba shi da lasisi, kamfanin kan biya mai rauni tukuna, daga baya ya bi wanda ya saɓa sharaɗi.

Kundin ya kuma ɗora wa kamfanin inshora alhakin gabatar da tayin diyya cikin wa'adin da aka ƙayyade. Sai dai adadin kuɗin na bin ma'auni ne tsayayye da aka gina a kan mafi ƙarancin albashin ƙasar, wanda a Benin ya koma sefa 52,000 a wata daga Janairun 2023. Ke nan hanyar samun diyya ta fi sauƙi a can, amma tana da rufin da ba ta wucewa. Takardar da komai ke tafiya a kanta ita ce rahoton 'yan sandan ƙasar, kuma da Faransanci ake rubuta shi, don haka yana da kyau a nemi amintaccen mai fassara kafin a sa hannu.

Matakan neman diyya

Ceton rai ne kan gaba. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ita ce 122, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta haramta wa asibiti ƙin karɓar majinyacin gaggawa. Bayan haka ana buƙatar:

Kai rahoto ga 'yan sanda ko FRSC, tare da karɓar kwafinsa.

Ɗaukar hoton lambar motar da takardar inshorarta da wurin da abin ya faru, da rubuta sunayen shaidu.

Adana rahoton likita da hoton ƙashi da rasidin kowane magani, tun daga asibitin farko har zuwa na Birnin Kebbi ko Sakkwato idan an tura majinyaci can.

Sanar da kamfanin inshora a rubuce ba tare da ɓata lokaci ba, domin takardun na ƙayyade kwanakin sanarwa, kotuna ma suna da wa'adin shigar da ƙara.

Idan an rasa rai, a tanadi takardar shaidar mutuwa da wadda ke tabbatar da magada.

Mutane da dama a karkara sun fi natsuwa da maɗori idan aka samu karaya. Amma kamfanin inshora da kotu da rahoton likita suke aiki, don haka wanda bai fara zuwa asibiti ba zai sha wuya wajen tabbatar da girman rauninsa. Haka nan, sa hannu a takardar sallama bayan karɓar kuɗi na nufin an rufe magana, ko da ciwon ya dawo daga baya. Hikima ita ce a jira likita ya tantance inda raunin ya tsaya.

Idan kamfani ya ƙi biya ko ya ja ƙafa, ana kai ƙorafi sashen karɓar koke na NAICOM, ko a garzaya kotu. Wanda motar da ba ta da inshora ta buge, ko direban ya tsere, yana da mafaka ta ƙarshe: tun a dokar 2003 aka tanadi asusu domin irin waɗannan mutane, Benin ma tana da asusun lamuni na haɗurran mota.

Sulhu, diyya da takaful

A Kebbi, inda aka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, galibin irin waɗannan lamurra a gaban dattawa da hakimai da shugabannin tasha ake kashe su. Sau da yawa iyalai kan yafe, su ce ƙaddara ta riga fata. Yafiya haƙƙin mai ita ce. Sai dai Musulunci da kansa ya tanadi diyya a kisan kuskure, raƙuma 100 ko dinari 1,000 na zinariya, ya kuma ɗora ta a kan dangin wanda ya yi kisan domin kada nauyin ya danne mutum ɗaya. Karɓarta ba rashin tawakkali ba ne, musamman inda aka bar marayu, waɗanda malamai suka yi bayanin cewa ba a sarayar da rabonsu haka kawai.

Ga masu ƙyamar inshorar zamani saboda shubuhar riba, NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful na bayar da kariyar abin hawa da doka ta amince da ita.

Iyalan da suka zaɓi yafe wa direba suna iya fayyacewa a takardar sulhu cewa yafiyar ba ta shafi abin da ke kan kamfanin inshora ba, kuma ya kamata lauya ya duba lafazin kafin a sa hannu. Kuɗin da mai mota ke biya duk shekara dama saboda wannan rana aka karɓe shi.