Lokacin da Aji Ya Fito Bakin Titi

Da sanyin safiyar 16 ga Mayu, 1968, iskar gas ta fashe a hawa na 18 na wani dogon bene mai suna Ronan Point a gabashin Landan. Kusurwa guda ta ginin ta rufta, mutum huɗu suka rasu. Watanni biyu kacal ke nan da tarewar mutane a cikinsa. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu hukumomin Birtaniya ke rushe tsofaffin unguwannin talakawa suna kwashe mazauna zuwa irin waɗannan benaye, ba tare da an tambayi kowa ba. Wannan hatsari ya zubar da sauran amanar da jama'a ke yi wa masu tsara birane.

A 1969 kwamitin da ɗan majalisa Arthur Skeffington ya jagoranta ya ba da shawarar a riƙa jin ta bakin jama'a tun kafin a kammala zane. Shawarar ta yi daɗin ji. Sai dai ta yaya wanda bai taɓa karanta taswira ba zai yi jayayya da injiniya?

A nan Colin Ward ya shigo. Ya yi shekaru yana zane a ofisoshin masu zanen gine-gine kafin ya koma koyarwa, kuma a siyasa yana cikin masu ganin jama'a za su iya tafiyar da al'amuransu ba tare da wani ya zauna a kansu ba. A 1971 ƙungiyar Town and Country Planning Association ta ɗauke shi jami'in ilimi. Shi da Anthony Fyson suka riƙa fitar da mujalla domin malamai, sannan a 1973 suka wallafa littafin Streetwork. Hujjarsu ita ce unguwar yaro ta isa ta zama littafinsa. A tura ɗalibai su ƙirga motocin da ke bin layinsu, su zana kangayen da aka bari, su tambayi tsofaffi yadda wurin yake a da, su binciko wanda ya mallaki fili da wanda ya sa hannu aka rushe shi. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce, a ganina, zuciyar aikin, domin darasin labarin ƙasa ya koma darasin sanin inda iko yake.

Tunanin ba sabo ba ne. Tun 1892 Patrick Geddes ya mallaki wata hasumiya a Edinburgh inda yake hawa da mutane su dubi garinsu daga sama, yana nanata cewa a san wuri kafin a tsara shi. Abin da ya taimaki Ward shi ne dacewar lokaci: a 1972 aka ɗaga shekarun barin makaranta daga 15 zuwa 16, malamai suka wayi gari da samarin da hankalinsu ya riga ya bar aji. Aka buɗe cibiyoyin nazarin birni, ciki har da ta Notting Dale, dab da gadar Westway da aka ratsa unguwar da ita a 1970.

Rauninsa kuwa a fili yake. Ɗalibi zai iya gano komai, ya rubuta, ya gabatar, a tafa masa, amma hukunci na hannun majalisar ƙaramar hukuma da mai kuɗin gini. Kuma aikin ya dogara ne da 'yancin malami na ware yini guda ya fita da yara. Dokar ilimi ta 1988 ta kawo manhaja ɗaya ga Ingila da Wales tare da jarrabawowinta, wannan sarari ya ƙuntata. A 1990 aka rushe hukumar ilimi ta tsakiyar Landan. Ronan Point kuwa tun 1986 aka sauke shi, hawa bayan hawa, injiniyoyi na duba yadda aka haɗa bangayensa.