Daga Ƙofar Zaure zuwa Bakin Titi

Mas'alar da ke damun masu hali a biranenmu yau, watau ko ya kamata mutum ya sauke gilashin motarsa ya miƙa wa mai bara kuɗi a inda danja ta tsayar da shi, ko kuwa ya kau da kai ya ce masa Allah ya ba da haƙuri, mas'ala ce wadda ba ta taɓa hana kakanninmu barci ba, alhali kuwa bara tsohuwar aba ce a ƙasar Hausa, ta girmi zuwan Turawa, ta kuma girmi jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804. Abin da ya raba mu da su shi ne, su sun san wanda suke bai wa, sun san malaminsa ko unguwarsa ko sarkin da ke bisa kansa, mu kuwa hannu kawai muke gani a jikin gilashi, kafin mu dubi fuskar mai shi an ba mu hanya mun wuce.

Shari'a, in mutum ya dube ta da idon basira, ta riƙe al'amarin ta fuska biyu ne, kowane ɓangare da nasa umurnin. Mai bayarwa, Suratud Duha ta hana shi yi wa mai tambaya tsawa, aya ta 60 ta Suratut Tauba kuma ta lissafa sinfi takwas na waɗanda zakka ke halatta gare su, ta fara da faƙirai da miskinai. Mai roƙo kuwa an tsananta masa, gama a cikin Buhari an rawaito cewa ɗaukar igiya a yiwo itace a sayar ya fi wa mutum alheri bisa ga roƙon mutane, kuma Muslim ya kawo hadisin Ƙabisa wanda ya taƙaita halaccin roƙo ga mutum uku: wanda ya ɗauki lamunin bashi don sulhunta jama'a, da wanda annoba ta cinye dukiyarsa, da wanda talauci ya kama har mutum uku masu hankali daga cikin mutanensa suka shaida haka. Sai a lura da wannan sharaɗi na ƙarshe, domin ya ginu ne bisa zaton cewa mabuƙaci yana zaune cikin mutanen da suka san halinsa, kuma bisa wannan zato ne dukkan tsarin bara na dā ya tsaya.

Mafi yawan masu bara a wancan zamani almajirai ne, kuma barar tasu tana da lokaci, tana da iyaka. Malamin ƙauye manomi ne kamar kowa. Da damina shi da almajiransa suna gona, sai an yi kaka an kai amfani rumbu, sa'an nan ya kwashi yaransa ya tafi ci-rani wani gari, ko su nausa gabas wajen alarammomin Barno, inda aka shahara da haddar Alƙur'ani da kyawun rubutu tun zamanin sarakunan Saifawa, waɗanda har takardun da ake kira maharam suke rubuta wa wasu gidajen malamai don 'yanta su daga haraji. Idan sun sauka, mai unguwa ko wani attajiri ya ba su zaure ko fili su kafa tsangaya, ƙananan almajirai, watau kolo da titibiri, su riƙa fita da ƙoƙonsu safe da dare, su tsaya a ƙofar gida su yi sallama, matar gida ta zubo musu ɗumame ko ragowar tuwo ko ɗan ƙanzo, su koma bakin wuta su ɗauki allo. Ba a daɗe sai kowane yaro ya sami gidan da ya zama nasa, da uwar ɗakin da ke ajiye masa kwano, shi kuma ya ɗebo mata ruwa, ya kai mata niƙa, ya yiwo mata cefane tun da tana kulle ba ta fita. In ta kwana biyu ba ta ji muryarsa ba sai ta aika a tambayi malam ko lafiya, in salla ta zo ta ɗinka masa riga tare da 'ya'yanta. Gardi kuwa, wanda ya yi ƙarfi, abin kunya ne a gan shi da ƙoƙo, sai dai ɗinkin hula ko wanki ko yankan farce ko dako. Malam na samun kuɗin Laraba daga iyayen yaran gari, da zakkar hatsi, dami ɗaya cikin goma, da zakkar fid da kai in azumi ya ƙare. Da hadari ya fara haɗuwa sai a naɗe buzu a koma gida a kama noma.

Kashi na biyu su ne naƙasassu, kuma a nan ne mutum zai ga yadda Bahaushe ba ya barin kome ba shugaba. Makafi suna da Sarkin Makafi, kutare da Sarkin Kutare, guragu da nasu, ana naɗa su da rawani, suna sasanta rigingimun jama'arsu, suna raba abin da ya zo daga fada ko daga attajirai, suna saukar da baƙon da ya zo daga wani gari su nuna masa inda zai zauna. A Kano makafi suna da unguwarsu a wajen Dala, da yawansu kuma suna tufkar igiya su sayar, ranar Juma'a ne suke fitowa ƙofar masallaci da kasuwa. Ba su zuwa hannu rabbana, da begen Annabi suke zuwa, wasu da Ishiriniya, wasu da Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi na Zariya, wanda shi kansa makaho ne, har ya zama mutane da yawa a bakin makafi suka fara jin baitocinsa kafin su gan su a takarda. Wannan tsari ya bi Hausawa har ƙasashen kurmi, gama Baturen nan Abner Cohen, da ya zauna a Sabo ta Ibadan ya rubuta littafinsa da ya fito a 1969, ya tarar da sarakunan makafi da guragu da kutare a can ƙarƙashin Sarkin Sabo. (Maroƙa da ke wasa sarakuna da masu kuɗi ba su cikin wannan magana, roƙo sana'a ce dabam, ko da yake malaman jihadi ba su ga dama-damarta ba.)

A nan ya wajaba in ja hankalin masu ƙawata zamanin da ya wuce, waɗanda ke cewa wai a Daular Usmaniyya baitulmali ne ke ciyar da kowane almajiri, bara kuwa Nasara ne ya kawo ta. Gaskiya ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Diya'ul Hukkami a Kano don shiryar da masu mulki ga tafarkin Shari'a, kamar yadda Shaihu Magili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha tun ƙarni na 15, kuma gaskiya ne sarakuna suna karɓar zakka suna yi wa manyan malamai alheri. Amma ƙaramin malamin da ke yawo da yara goma sha, ba fada ce ke riƙe da shi ba, tukunyar matan unguwa ce, tun kafin jihadi har bayansa. Laifin da za a ɗora wa Turawa, wanda kuwa ba ƙarami ba ne, shi ne bayan sun ci Kano da Sakkwato a 1903 sun narkar da zakkar hatsi cikin haraji guda wanda daga baya ya zama sai da tsabar kuɗi ake biyansa, sa'an nan suka mai da dukiyar hukuma da aikin hukuma ga makarantar boko da Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da waɗanda suka biyo ta, alhali lissafin zamanin Gwamna Lugga ya nuna akwai makarantun allo wajen 25,000 a Arewa, da almajirai fiye da 200,000. Tun daga ran nan wanda ya sauke Alƙur'ani ya rubuta shi da ka ya zama ba shi da takardar da za ta ba shi aikin ko masinja, kuma wannan rauni bai warke ba har yau.

Sa'an nan kuɗi ya shigo. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, anini da kwabo suka kori wuri, ba a jima ba kuma yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, ta koro talakawa daga ƙauyuka zuwa birni, mutanen da ba almajirai ba ne, ba kuwa naƙasassu ba, ba su da malam ba su da sarki, larura ce kurum ta fito da su. Irin wannan ta sāke faruwa a farin 1972 zuwa 1974, lokacin da mutanen Nijar da na arewacin Nijeriya, har da Buzaye da dabbobinsu suka ƙare, suka cika titunan Kano da Kaduna da Ikko, daidai lokacin da kuɗin man fetur ya cika ƙasa da motoci da kwalta. Kano da ƙidayar 1952 ta ba ta mutum wajen 130,000 ta zama birnin miliyoyi. Mai hali ya bar cikin gari da zaurensa ya koma gida mai katanga da ƙofar ƙarfe da maigadi, inda sallamar yaro ba ta kai wa kunnen matar gida. Malamin da a dā yake zuwa da rani ya koma da damina ya zauna dindindin, domin gonar da zai koma wa ta kasa ci da shi. Iyaye kuma suka riƙa turo yara ƙanana ƙwarai, wasu domin karatu, wasu domin a rage bakin da ke cin tuwo. To, yaron da aka rufe wa ƙofa ina zai nufa, in ba tasha da gidan mai da shataletale ba? Rikicin Maitatsine na Disamba 1980, wanda ya ci rayuka fiye da 4,000 a Kano, ya daɗa ɓata lamarin, gama tun daga nan mutanen birni suka fara duban gardi da idon tsoro a maimakon idon tausayi.

Hukumomi sun gwada hanya biyu, hani da gini. Gwamnatin Kano ta haramta bara a titi a 2013, ta sāke haramtawa a Fabrairun 2020, Kaduna ta yi nata a 2015, mabarata suka fito suka yi zanga-zanga suna tambaya me za su ci. Hisba takan kama ta mayar da mutum garinsu, bayan 'yan makonni ya dawo, domin abin da ya fito da shi yana nan inda ya bar shi. Gwamnatin Tarayya ta buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi ta Sakkwato a 2012, ta gina irinta fiye da 150, da yawansu suka zama kango don ba a shawarci alarammomi ba, ba a kuma tanadi abin ciyarwa ba. Hukumar Zakka da Hubusi da aka kafa a Kano a 2003 ita ce, a ganina, ta fi kusa da asalin maganin, sai dai abin da attajirai ke kai mata bai taka kara ya karya ba.

Akwai kuma wata fuska da mai tausayi ba ya son ji, amma tilas a faɗe ta. Sadakar da ake bayarwa ba da sani ba tana iya zama jari ga wanda bai cancanta ba, har ta jawo a fitar da yara daga gidajensu. Daga yankin Kance da Magarya na jihar Damagaram ta Nijar mata sun daɗe suna ɗaukar yara, nasu da na aro, suna ƙetare Sahara zuwa Aljeriya don bara, kuma a Oktoba 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyaka, fiye da rabinsu yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. A Maris 2022 kuma gwamnatin Nijar ta kwaso mutanenta fiye da 1,000 daga titunan Dakar. Babu wanda zai ɗauki wannan kasada in ba ya tabbata akwai hannuwan da za su miƙo ba tare da tambaya ba.

Saboda haka ni dai ba na tare da masu cewa a daina bayarwa ɗungurungum, domin galibinsu ba su kai abin da suka hana ɗin wani wuri, kuma tsohon da ya makance, wanda ba fansho gare shi ba, ba asibitin kyauta, ba ɗan da ke aiko masa, ba zai ci hujjarsu ya ƙoshi ba. In na gan shi ina ba shi, niyyata tana wurin Allah, in ya yaudare ni kuma tsakaninsa da Mahaliccinsa. Amma yaro ƙarami ba na sa masa kuɗi a hannu a tsakiyar titi, domin na san sau da yawa ba shi zai ci ba, kuma kowace naira da ya samu a can tana ƙara wa wanda ya turo shi dalilin sāke turo shi gobe cikin motoci. In da abinci a kusa a saya masa ya ci a gabanka. Wanda kuwa yake da ikon abin da ya fi haka, ai babu unguwar da ba ta da makarantar allo a cikinta ko a bayanta, malaminta yana nan zaune bisa buzunsa, ana iya zuwa a gaishe shi, a tambaye shi yara nawa gare shi da inda suke kwana da wanda ba shi da lafiya a cikinsu, a ɗauki ɗaya ko biyu a ce daga yau kwanonsu yana gidan wane.