Mutumin da Ya Raɗa wa Katin Taba Suna

Jama'a, tun kafin a fara sa hotunan 'yan ƙwallo da jaruman Indiya cikin cingam, irin waɗanda yaran Kura da Bunkure ke musaya a bakin makaranta, kwalin sigari ne gidan kati. A shekarun 1880 kamfanonin taba a Amurka da Ingila kan cusa ɗan kwali cikin fakiti don kada karan sigari ya karye, daga baya suka ga gara a buga hoto a kai. Mai shan taba ya yar, yara su tsince.

Wanda ya ɗauki abin da gaske shi ne Jefferson Burdick, ma'aikacin kamfanin kayan lantarki a garin Syracuse na Amurka. A 1937 ya fara fitar da 'yar mujalla don masu tara kati. A 1939 ya buga kundi, ya yi ta gyara shi har ya zama American Card Catalog, inda kowane rukuni ya samu harafi da lamba. T na taba ne. Daga nan sunan T206 ya fito, rukunin da katin ɗan wasa Honus Wagner yake ciki, wanda aka sayar da guda ɗaya dala miliyan 7.25 a 2022. Kwali fa!

Shi Burdick bai nemi kuɗi da nasa ba. Kyauta ya bai wa gidan tarihi na Metropolitan da ke New York katuna wajen dubu 300, ya ƙarar da shekarunsa na ƙarshe yana manna su cikin kundaye da hannunsa, ga ciwon gaɓoɓi ya lanƙwasa masa yatsu. Ya kammala a watan Janairun 1963, ya rasu a Maris.