Me Garinku Yake Ci? Tarihin Sana'ar Garuruwan Katsina Laka



Da yawanmu idan za mu kafa labari a wani gari, sunansa kawai muke ambata mu wuce. Alhali kowane gari da abin da ya tara mutanensa. A 1943 wani masanin labarin ƙasa na Amurka, Chauncy Harris, ya kasa biranen ƙasarsu bisa aikin da ya fi ciyar da mazaunansu: na masana'antu, na ciniki, na sufuri, na haƙar ma'adinai da sauransu. Bari mu gwada wannan ma'auni a kudancin Katsina, yankin da magabata ke kira Katsina Laka saboda ƙarfin ƙasarsa.

Kashi na farko garuruwan sarauta ne. Kafin zuwan Turawa, Maska da Gozaki su ne manyan garuruwan wannan yanki, kuma Dakta Yusufu Bala Usman ya yi bayaninsu a littafinsa na tarihin Katsina. Auduga, saƙa da rini sun riƙe su, amma sarauta ce ta ba su suna. Malumfashi kuwa mazaunin Galadiman Katsina ce. A irin wannan gari, fada ce cibiya.

Kashi na biyu garin hanya. A nan Funtua ta yi fice. Layin dogon da ya tashi daga Zariya ya ratsa ta, ya kai Gusau da Ƙauran Namoda a 1929. Turawa ba don Allah suka shimfiɗa shi ba, auduga da gyaɗa suke so su kai teku. Kamfanin BCGA, wanda aka kafa a Manchester ta Ingila a 1902, ya kafa injin gurzar auduga a Funtua da Malumfashi. Sai fatake, leburori da ma'aikatan jirgi, har da Yarabawa da Ibo, suka yi ta sauka. Hedikwatar gunduma ta baro Maska ta dawo Funtua, shi ya sa har gobe hakimin Funtua Sarkin Maska ake ce masa. Sarautar ta bi kasuwa ke nan.

Kashi na uku garin masana'anta. Funtua ta shiga wannan sahu da aka kafa masaƙarta a 1978. Kafin nan, a 1975, an fara shirin bunƙasa noma na Funtua da tallafin Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe. Taki, ingantaccen iri da hanyoyin karkara sun sa masara ta samu gindin zama a gonakin da a da dawa da auduga suka fi yawa.

Wannan ne ya ƙarfafa kashi na huɗu, wato garuruwan kasuwar amfanin gona. Dandume da Bakori hatsi ne, manyan motoci na lodi zuwa Kudu. Danja tumatir da rake. Ƙanƙara kuma, ban da noma, an san ta da farar ƙasa.

Sai dai gari ba ya dawwama a kashi ɗaya. Da aka rushe hukumar cinikin auduga a 1986, manomi ya rasa tabbacin farashi. Masaƙun Kaduna da ke sayen audugar suka yi ta rufewa, jirgin ƙasa ya daina zuwa. Funtua ba ta durƙushe ba domin tana kan mahaɗar titunan Zariya, Sakkwato da Katsina, ga kuma tashar tsandauri da aka buɗe a 2024. Garin da ya dogara da abu ɗaya shi ne ke shan wuya in abin ya kau. Yau ma matsalar tsaro a Faskari da Sabuwa tana hana noma, kuma duk gonar da ba a nome ba, buhu ne ya ragu a kasuwar Dandume.

Ina ruwan marubuci da wannan? Sana'ar gari ita ke ba da rikicin labari. A garin sarauta, gadon kujera ake jayayya a kai. A garin kasuwa, bashi ne da dillanci da faɗuwar farashi bayan kaka. A garin masana'anta, sallamar ma'aikata ce ke raba aure. Idan muka ɗauki jarumin Dandume muka ba shi damuwar ɗan Abuja, mai karatu na gida zai gane ba mu san wurin ba.

Tsofaffin da suka yi aikin gurza da na jirgi suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da suka sani bai shiga littafi ba. Kafin mu rubuta babi na gaba, mu zauna da su, mu tambayi abin da garin yake ci jiya da abin da yake ci yau.

Allah Ya yi mana jagora.