Asalin Haɗa Rance da Koyar da Kiwon Lafiya a Ƙasar Bangaladash

A cikin shekarar 1976 ne Muhammad Yunus, malami a Jami'ar Chittagong, ya ranta wa mutum 42 na ƙauyen Jobra dala 27. Wannan shi ne mafarin Bankin Grameen, wanda aka kafa a 1983. Sa'an nan aka lura ciwo shi ke cinye jarin matalauciya, gama in ɗanta ya kwanta, kuɗin sana'a wajen magani za su tafi, biyan bashi kuwa ya gagara. A 1984 sai aka tsayar da sharuɗɗa 16, mata suna maimaita su a taron mako-mako da ake biyan rance. Cikinsu akwai haƙa masai, da shan ruwan burtsatse ko tafasasshe, da noman kayan lambu, da tsabtace yara.