Daga Fijo 504 Zuwa Injin Turbo: Tarihin Man Da Muke Sha

Abin da ya sa na zaɓi wannan batu shi ne, da yawa daga cikinmu yanzu sun kai matsayin sayen mota, wasu da bashin ofis, wasu da tarin shekara da shekaru. Motocin da ake kawo mana kuwa sun sake hali, alhali a gidajen mai daga Kazaure har Babura fetur iri ɗaya tak ake sayarwa.

A takardun gwamnati ana kiran fetur ɗinmu PMS, watau man mota mai daraja ta ɗaya. Wannan suna ne kawai. Ainihin darajar fetur da lambar oktan ake auna ta, ita ce ke nuna yawan matsin da mai zai jure a cikin inji kafin ya kama wuta da kansa. Idan ya kama tun lokacinsa bai yi ba, sai wutar ta doki fistin yana kan hanyar hawa, a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ma'aunin Nijeriya yana neman lamba 91, a Turai kuwa man yau da kullum 95 ne, na musamman 98.

Iyayenmu ba su san wannan damuwa ba. A shekarar 1975 kamfanin Fijo ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, a 1980 kuma aka buɗe matatar mai ta Kaduna, wadda a wancan lokaci take tura mai ta bututu zuwa defo na Hotoro a Kano, daga nan tankoki su biyo hanyar Daura su sauke mana. Fijo 504, wadda ta zama motar ma'aikaci da ta haya, injinta ba ya matsa mai da yawa. In ta fara ƙara, bakanike zai ɗan juya distiributa da hannu ya jinkirta wuta, shi ke nan. Sa'an nan man wancan zamani akwai dalma a cikinsa, dabarar da aka gano a kamfanin General Motors na Amurka a 1921 domin ɗaga oktan da araha. Dalma guba ce, musamman ga ƙwaƙwalwar yara, shi ya sa ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka yi yarjejeniya a Dakar a 2001 cewa za su daina amfani da ita kafin ƙarshen 2005.

Da matatar Kaduna ta fara tsayawa a kai a kai, sai aka koma shigo da mai daga waje, a yi ta jigilarsa da tanka tun daga Kudu. Dogayen layukan zamanin Janar Abacha su suka ƙarfafa sana'ar 'yan bumburutu. Mu kuma muna da ƙarin dalili, domin ƙasar Babura ta yi iyaka da Nijar, inda mai ya daɗe yana fin namu tsada. A watan Nuwamba na 2019 Hukumar Kwastan ta hana kai mai ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, sai galan da jarka suka zama madogarar mutanen bakin iyaka. Ban ga laifin mai neman abincinsa ba, amma man da ya wuni a rana cikin galan, sassansa masu sauƙi sun tsere, ƙura da ruwa kuma ba su da wuyar shiga.

Ko man gidan mai ma ya taɓa ba mu kunya. A watan Fabrairu na 2022 shugaban kamfanin NNPC na lokacin, Malam Mele Kyari, ya bayyana cewa an shigo da fetur daga Antuwaf ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol. Aka janye shi daga kasuwa, layuka suka dawo.

Shi kuwa turbo ba sabon abu ba ne. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar dabarar tun 1905. Hayaƙin da ke fita daga inji ne yake juya wata 'yar fanka, ita kuma ta juya ta biyu wadda ke cusa iska da ƙarfi cikin inji, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba. Manyan motoci masu shan gas sun daɗe da shi, kuma su babu ruwansu da oktan. Abin da ya sake shi ne, dokokin rage hayaƙi a Turai da Amurka sun sa kamfanoni suka ƙanƙanta injin fetur suka ɗaura masa turbo: Volkswagen da injin TSI, Ford da EcoBoost daga 2009, Honda kuma a Civic ta 2016 da Accord ta 2018. Waɗannan su ne yanzu suke iso mana a matsayin 'yan Kwatano.

Iskar da aka matsa zafi take yi, ga kuma zafin bazararmu da ke haura digiri 40, duk suna sa mai ya kama wuta da wuri. Motar zamani tana da na'ura mai jin wannan ƙara, sai kwamfutarta ta jinkirta wuta da kanta, kamar yadda bakaniken Fijo yake yi da hannu. Sakamakon haka ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru, kuma da aka cire tallafi a watan Mayu na 2023, a lokacin lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da 500, wannan ba ƙaramar asara ba ce. In matsin ya fi ƙarfin na'urar, fistin ne ke fashewa.

Saboda haka kafin a biya kuɗin mota a buɗe murfin tanki a karanta. In an rubuta 95 ko 98 kuma littafin motar ya ce dole ne, a ra'ayina a haƙura da ita, komai kyanta. A lura kuma Amurka da nata lissafin: 87 ɗinsu ya yi kusan daidai da 91 ɗinmu, 91 ɗinsu kuwa kusan 95 ne.

Wanda ya riga ya saya, baƙin mai shi ne ransa. Fankar turbo tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, a kan siririn mai take yawo, don haka a zuba irin wanda littafi ya ambata, a yi juye kafin lokacin da aka rubuta wa hanyoyin Turai. In an taso daga Kano da gudu, a bar inji yana aiki minti ɗaya ko biyu kafin a kashe, don kada man da ya rage a cikin turbo ya ƙone ya toshe hanya. Kada a taka totur da ƙarfi da sanyin safiya, ko a babbar giya mota tana tafiya a hankali. Masu bin hanyoyin ƙauyukan Roni da Gwiwa da hunturu kuma su riƙa duba matatar iska kowane mako, domin ƙurar da ta tsallake ta kai tsaye take zuwa kan fikafikan fankar, ta riƙa cin su kaɗan kaɗan.